Ƙaramin Faifan Baba

Bango ɗaya ne ya raba ɗakin da nake ɗinki da ɗakin da ƙanena Auta yake dukan ganguna, kuma maginin da ya yi bangon nan bai ji tsoron Allah ba wajen zuba siminti. Idan Auta ya taka fedar babbar ganga, har allurai rawa suke yi a cikin gwangwanina. Na sha yanka yadin mutane a karkace saboda shi. Na yi faɗa, na yi roƙo, har takalmi na taɓa wurga masa ta taga, duk a banza. In dai ya hau kujerar nan tasa mai ƙafa uku, to kunnensa ya tafi yawo.

Da kiɗa yake canzawa ma da sauƙi. Abu ɗaya ne safe da yamma, kuma kullum a wuri ɗaya yake karye masa. Sai ki ji ya taso a guje kamar an biyo shi, hannuwa na ta zuba, ya kusa kai ƙarshe, sai sanda ta kuɓuce ko ƙafa ta makara. Ɗakin ya yi tsit. Ya ja tsaki. Ya sake daga farko.

Kiɗan Babanmu yake bi. Baba makaɗi ne, irin waɗanda ke zama can bayan mawaƙi da masu jita, ganguna jere a gabansu. Ya rasu ina 'yar firamare, Auta kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Ni ina tuna ƙamshin man gashinsa da yadda yake ɗora ni a wuya. Auta ba ya tuna komai, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. Abin da Baba ya bari bai taka kara ya karya ba: akwatin ƙarfe, rigunan wasa masu ƙyalli, da ƙaramin faifan garmaho guda ɗaya a cikin farar takarda. Babu hoto a jikinsa, babu sunan kamfani, sai sunan Baba da aka rubuta da biro a tsakiya. Mama ta ce gwaji aka ɗauka aka ba shi kwafi, maganar fitar da shi kasuwa kuma ta bi ruwa. Ba mu da garmaho a lokacin, don haka faifan ya yi ta kwana a akwati ba wanda ya taɓa jin abin da ke cikinsa.

Da Auta ya tasa, sai ya haɗu da 'yan'uwansa a cuta, Dogo da Mai Gilashi, su ma samarin makaɗa. Duk ƙarshen mako suna kasuwar tsofaffin kaya, a tsugune gaban kwalaye, suna zaro fayafai suna hure ƙura, suna ɗaga su sama su karkata don su ga ko an karce. Mawaƙi bai dame su ba. Su juya bangon faifan su nemi sunan wanda ya buga ganga, in babu suna su yi ta gardama har mai kaya ya kore su. Kowannensu yana da uban gida a cikin kwalayen nan, mutumin da bai taɓa gani ba, wataƙila ma ya daɗe a ƙasa. Dogo na hannun dama ne tun haihuwa, amma ya juya gangunansa gaba ɗaya don nasa gwanin bahago ne. Mai Gilashi kuwa sanda yake riƙewa ta kai, saboda haka ya gani a hoton wani bango, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ƙila mai hoto ne ya ce a riƙe haka.

Dokoki biyu gare su, suna riƙe da su kamar gadon gidansu. Ta farko, garmaho yana da gudu iri biyu, akwai ɗan maɓallin da ake turawa: babban faifai a talatin da uku, ƙarami a arba'in da biyar. Ta biyu, ba a rage wa faifai gudu don a koyi kiɗa. Wanda duk ya yi haka rago ne, kuma za su yi masa dariya har ya daina fitowa.

"Kunnenka ne zai tashi ya kamo shi," in ji Dogo. "Wa ya ce maka gwani jiran mutane yake yi?"

Ranar da Auta ya shigo gida rungume da wani tsohon garmaho mai fasasshen murfi, ban manta da ita ba. Ya goge shi, ya sa masa sabuwar allura, ya kira abokansa, ya kira ni. Ya buɗe akwatin Baba ya ɗauko faifan. Faifan ƙarami ne, don haka Dogo ya miƙa dogon hannunsa ya tura maɓallin zuwa arba'in da biyar, ba wanda ya ko ɗaga ido.

Ganguna ne zalla, babu waƙa, babu jita. Kuma wane irin gudu! Sanduna na zuba kamar ruwa a kan kwano, fata na ƙara can sama, a ɗame, ƙafa na bi ba ta fashi. A ƙarƙashin kiɗan akwai wani ɗan siririn kuka da ke zuwa yana tafiya. Mai Gilashi ya ce fedar Baba ce ke neman mai.

"Kai!" Dogo ya dafe kai. "Auta, babanka mutum ne kuwa?"

Auta ya ƙura wa faifan ido. Idonsa ya cika, bakinsa a buɗe. Na ji daɗi don shi, ni ma na share ido. Sai ga Mama ta fito daga kicin tana goge hannu a zani. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta saurara kaɗan, ta girgiza kai.

"Wannan ba babanku ba ne."

"Mama, ga sunansa a jiki."

"Na ga suna. Amma ba shi ba ne. Ƙila sun ba shi na wani. Babanku ko ruwa zai sha sai ya nemi wuri ya zauna, ina shi ina wannan tsere?"

Ta koma kicin abinta. Auta ya ji kunya a gaban abokansa, kuma daga ranar ya ƙulla abin a ransa. Ya ce Mama ta tsani ganga ne saboda ganga ta riƙa ɗauke mata miji daga gida, ta kuma bar ta da marayu da akwatin ƙarfe. Ya ce tana so ta raba shi da abu ɗaya tak da ya rage masa na ubansa. Ita kuma Mama ba mai doguwar magana ba ce. Duk sanda ya sa faifan, sai ta ɗauki mayafi ta shiga maƙwabta. Gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu, ni ce a tsakiya ina kai saƙo ina kawowa kamar ba ni da aikin yi.

Shi kuwa ya sa kansa a gaba. Ya rantse sai ya buga kiɗan nan daga farko har ƙarshe kamar yadda Baba ya buga. Ya riƙa ɗame fatun gangunansa don su yi ƙara sama irin na faifan, har suka fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Ya daina sa wa fedarsa mai da gangan, wai ita ma ta yi kuka irin ta Baba. Abinci a tsaye yake ci. In yana magana da ke, yatsunsa na kan cinyarsa suna gudu. Ko a layin famfo ƙafarsa ba ta tsayawa. Na ce masa wata rana sai mota ta kaɗe shi yana ƙirga duka a tsakiyar titi, ya ce in ji da ɗinkina.

Wata ƙungiya da ke wasa a babban otal ta ɗauke shi aiki, muka yi murna, har na ɗinka masa riga. Bai daɗe ba suka sallame shi. Shugabansu, wani dattijo mai jita, ya biyo shi har gida don ya ba shi haƙuri, ina jin su ta bango.

"Yaro, kana da hannu, ban ƙi ba. Amma kullum sai ka gudu ka bar mu a baya. Mawaƙiyata ko numfashi ba ta samu. Wa yake korarka ne?"

"Haka Babana yake bugawa."

"To Allah ya jiƙansa. Mu dai ba za mu iya binka ba."

Maimakon ya saurara, sai ya ƙara wuta. Ni ce na fara lura da hannun. Ya koma ɗaukar kofi da hagu. Ya daina ɗebo mana ruwa, wai bokiti ya yi nauyi, saurayi guda. Wata safiya na kama hannunsa na dama na ja hannun riga sama, na tarar wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum, da zafi kamar an ɗora a kan murhu. Na saki baki na zazzaga masa duk abin da na tara. Na rufe keken ɗinkina, na tasa shi gaba har asibiti.

Likita ta matsa wurin, Auta ya yi ƙara. Ta naɗe hannun da bandeji har gwiwa, ta ce jijiyoyin sun gaji da wahala. Ya ajiye sanda sai ta ce ya ɗauka, in kuwa ya ƙi ji, to ya shirya rabuwa da ganga gaba ɗaya. Ko ya huta ma, ta ce, ba ta yi alkawarin hannun zai koma yadda yake ba.

Na zaci zan samu lafiya da gidan ya yi shiru. Ina! Shirun ya fi kiɗan tayar da hankali. Auta ya riƙa zagaye tsakar gida, ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa titi ya dawo, ya zauna a kan kujerarsa ya kalli ganguna ya miƙe. Ya jera fayafansa bisa girma, ya wargaza, ya sake jerawa bisa launi. Ni ma na kasa ɗinki, na saba da taka keke a kan kiɗansa ban sani ba.

Ana cikin haka Mai Gilashi ya zo dubiya, da lemo a leda da magana a baki. Ya daɗe da sa wa faifan Baba ido, don a cikinsu ba abin da ya kai mallakar faifan da babu irinsa a duniya.

"Ba wai ina murna ba ne, ka gane," ya ce yana gyara gilashi. "Amma tun da hannu ya ƙi, faifan nan zama kawai zai yi. Ka ba ni shi, in kawo maka kwalin fayafaina gaba ɗaya. Har wanda ka daɗe kana roƙona."

Na jira in ji Auta ya kore shi. Sai na ji ya ce, a hankali, "Ka kawo kwalin gobe da la'asar."

Bayan ya tafi na faɗa ɗakin ko sallama babu.

"Ka haukace ne? Faifan Baba za ka ba wannan mai idon cin naman?"

"Yaya, me zan yi da shi?" Ya ɗaga naɗaɗɗen hannun. "Na bi shi har na karye, ban kamo shi ba. Duk sanda na gan shi sai in ji kamar yana ce mini ni ba ɗansa ba ne. Gara ya bar gidan."

Haushi ya kama ni, na Baba da ya yi irin wannan kiɗa ya tafi, na Mama da ta ƙi buɗe baki ta lallashi ɗanta, na wannan yaro mai taurin kai. Na fita na bar shi.

Washegari bayan azahar ya leƙo ɗakina. Bai yi barci ba, idonsa ya nuna.

"Yaya, zo ki taimake ni. Amma kada su Dogo su ji."

Na bi shi. Ya tura ƙofa, ya ja labule kamar mai shirin sata.

"Kafin ya zo ya ɗauka, so nake sau ɗaya in ji abin da hannunsa yake yi a wurin nan da nake karyewa. Ko ba zan buga ba, in dai sani. Zan rage masa gudu." Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, kamar wanda ya amsa babban laifi. "Hagu ba ta iya saita allura. Ki sa mini."

Ya tura maɓallin da kansa zuwa talatin da uku. Na ɗaga allurar yadda ya nuna mini, na sauke ta a gefen faifan.

Na yi tsammanin in ji abu ya ja jiki, kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Abin da ya fito daban ne. Gangunan suka sauko ƙasa, suka yi kauri, suka yi faɗi. Kowane duka ya samu wurin zama, ya gama faɗin abin da zai faɗa kafin na gaba ya zo. Kiɗan yana tafiya ne irin ta mutumin da ya san hanya, ba ya tsoron dare ya yi masa. Auta ya ɗaure fuska yana saurare, yatsun hagunsa suna taɓa gwiwa.

Sai ɗan kukan nan na feda ya shigo. Amma yanzu babu ƙarfe a cikinsa. Murya ce. Muryar namiji, ƙasa-ƙasa, yana gunguni da baki a rufe, yana raka hannunsa da 'yar waƙar da ba ta da kalmomi.

Tsigar jikina ta tashi. Na san gungunin nan. Na taɓa jin sa ta cikin ƙashin kaina, lokacin da nake zaune a wuyansa na kifa haɓata a gashinsa.

"Auta," na ce. "Ba feda ba ce."

Ƙofa ta buɗe. Mama ce, kumfar wanki har gwiwar hannu, mayafinta a kafaɗa, da alama ta ɗauko shi ne za ta fita kamar yadda ta saba. Ba ta kalle mu ba. Garmahon take kallo.

"Ina kuka samo shi?"

Ta tako a hankali ta zauna a kan kujerar mai ƙafa uku, wadda ba ta taɓa ko taɓawa ba. Kumfa na ɗiga a zaninta.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga babanku nan. Kun ji shi? Haka yake yi in yana aski. Haka yake yi in ya saɓa ka a kafaɗa, Auta, ka ƙi barci. Ni har faɗa nake masa, in ce waƙar nan ba ta da kai ba ta da gindi."

Auta ya durƙusa gaban garmahon yana kallon faifan na juyawa. Leɓensa na motsi, da kansa yake magana.

"Kiɗan dogo ne. Ba zai shiga ƙaramin faifai ba sai an yanka shi a talatin da uku. Mu kuwa muka ga ƙarami..." Ya kasa ƙarasawa. Ya juyo. "Mama, da ma haka yake bugawa? A hankali haka?"

"Ban gaya maka ba? Ni ban san maɓallinku ba. Mijina na sani."

Wurin da Auta yake karyewa ya matso. Ni ma na gane shi, ai na ji shi ya fi a ƙirga. Hannun hagun Auta yana kan gwiwarsa, ƙafarsa tana taɓa siminti, yana bi bai ma sani ba. Gaɓar ta zo, ya shige ta da hannu ɗaya, ko gumi bai yi ba. Ya bi har duka na ƙarshe. A cikin faifan Baba ya yi 'yar dariya, ya ajiye sanduna, allura ta shiga zagaye a fili.

Auta ya dubi bandejin hannunsa ya daɗe. Na so in yi ihu. Fatun da ya tsaga, aikin da ya rasa, gabar da ya yi da uwarsa, hannun da likita ta ƙi yi wa alkawari, duk a kan ɗan maɓallin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye.

"Ina ta gudu in kamo shi," ya ce, hawaye na bin hancinsa. "Ashe tuni na wuce shi, yana baya."

Mama ta goge kumfar a zani, ta ɗora tafin hannunta a ƙeyarsa. Rabon da ta taɓa shi har na manta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Mai Gilashi ne, muna jin nishinsa, kwalin ya yi masa nauyi.

"Auta! Fito ka kama mini mana!"

Auta ya ɗago zai miƙe, Mama ta danne kafaɗarsa.

"Ke, je ki ce masa ya koma da kayansa," ta ce da ni. Ta zame mayafin daga kafaɗa ta ninke shi a cinya, ta gyara zama. "Kai kuma sake sa mana shi daga farko."